Hanyoyin gudanar da bincike: Yaya masana ke gano gaskiyar al'amari?

Da wuya a wayi gari ba tare da kafofin watsa labarai sun kawo rahoton da ya fara da cewa wani bincike ya nuna kaza ba.

Gwamnatoci na dogara da irin waɗannan bincike wajen kasafta kuɗi. Kamfanoni na dogara da su kafin su fito da sabbin kayayyaki, likitoci kuma kafin su amince da sabon magani.

To sai dai ƙarfin kowane sakamako yana rataye ne a kan yadda aka tsara binciken tun farko. Idan tsarin ya karkace, yawan kuɗin da aka kashe da shaharar jami'ar da ta yi aikin ba za su miƙe shi ba.

Mene ne tsarin bincike?

Tsarin bincike shi ne shirin da mai bincike ke yi kafin ya fita tattara bayanai.

A nan ne yake fayyace tambayar da yake son amsawa, da waɗanda zai nemi bayani a wajensu, da yadda zai zaɓo su, da abin da zai auna, da kuma yadda zai tabbatar cewa wani dalili na daban bai shigo ya rikita masa lissafi ba.

A jami'o'i akan buƙaci ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ya keɓe babi guda domin wannan bayani, saboda wani ya iya bin sawunsa ya ga ko zai isa inda ya isa.

Tunanin gwada zance kafin a yarda da shi daɗaɗɗe ne. Ibn al-Haytham, wanda aka haifa a Basra ya kuma yi aiki a Alƙahira, ya yi amfani da gwaje-gwaje a littafinsa Kitab al-Manazir a farkon ƙarni na 11, inda ya nuna cewa gani na faruwa ne idan haske ya shiga ido.

Amma akasarin ƙa'idojin da ake koyarwa a yanzu sun ginu ne a ƙarni na 20, kuma da yawa daga cikinsu sun biyo bayan manyan kurakurai ne.

Ƙidaya da zurfafawa

Masana sun raba hanyoyin bincike gida biyu.

Na farko shi ne wanda ya dogara da alƙaluma. Ana yi wa mutane da yawa tambayoyi iri ɗaya, ko a auna wani abu, sannan a yi lissafi. Wannan hanya ce ke amsa tambayoyi kamar mutum nawa, ko kashi nawa cikin 100.

Na biyu shi ne wanda ya dogara da doguwar hira da zama cikin jama'a da nazarin takardu. Mutanen da ake tattaunawa da su ba su da yawa, amma ana zurfafawa domin a fahimci dalilin da ya sa suke yin abin da suke yi.

Ƙasar Hausa ta samar da misalai biyu da suka yi suna. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa a lardin Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa. Littafin da ya fito daga wannan hira a 1954, mai suna Baba of Karo, ya bayyana al'amuran aure da zumunci da bauta ta fuskar mace, abin da takardar tambayoyi ba za ta iya zaƙulowa ba.

Ita kuwa Polly Hill ta zauna ne a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta haɗa hira da aunin gonaki da lissafin amfanin gona. Littafinta na 1972 ya nuna cewa akwai babban bambancin arziki tsakanin manoman ƙauye guda, saɓanin zaton da ake yi cewa duk ɗaya suke.

A yau masu bincike da dama na haɗa hanyoyin biyu a aiki ɗaya.

Su wa za a tambaya?

Ba ya yiwuwa a tambayi kowa da kowa, don haka akan zaɓi wani ɓangare na jama'a ya wakilci sauran. Shi ake kira samfur.

Ɗan kasuwar hatsi ya san wannan dabara. Ba sai ya zazzage buhu ba kafin ya san ingancin geron da ke ciki. Yakan soka ƙarfe ya zaro 'yan ƙwayoyi, amma daga sama da tsakiya da ƙasa, domin ya san ana iya ɗora mai kyau a bakin buhu.

Shahararren darasi a wannan fanni ya faru ne a Amurka a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, fiye da miliyan 2 kuma suka dawo mata.

Bisa wannan ta yi hasashen cewa Alf Landon na jam'iyyar Republican zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin 100.

Da aka yi zaɓe, Mista Roosevelt ya samu kusan kashi 61 cikin 100, ya kuma lashe jihohi 46 daga cikin 48.

Matsaloli biyu ne suka kayar da mujallar. Ta samo sunaye daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci da jerin masu sayen mujallar, a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, kuma masu hali ne suka fi mallakar waɗannan abubuwa.

Sannan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka aika wa ba su amsa ba. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa masu adawa da shugaban sun fi ɗokin mayar da takardunsu.

George Gallup, wanda ya yi amfani da mutane kusan 50,000 kawai, ya faɗi daidai cewa Mista Roosevelt ne zai ci. Mujallar ta daina fitowa a 1938.

Shi ma Mista Gallup ya sha kunya a 1948, lokacin da ya yi hasashen cewa Thomas Dewey zai kayar da Harry Truman. Akan ba ma'aikatansa adadin maza da mata da tsofaffi da matasan da za su samo, amma su ke zaɓen wanda za su tsayar, kuma sun fi karkata ga masu sauƙin samu.

Daga nan ne aka ƙara rungumar hanyar ƙuri'a, inda kowane mutum ke da damar da aka san girmanta ta faɗawa cikin samfur, kuma son ran mai bincike ba ya shiga ciki. Masanin lissafin nan ɗan ƙasar Poland, Jerzy Neyman, ya shimfiɗa hujjojin wannan hanya tun 1934.

Mutum nawa ne suka isa?

Mutane kan yi mamaki idan aka ce an tambayi mutum 1,000 an gano ra'ayin ƙasa mai miliyoyin jama'a.

Lissafi ya nuna cewa idan ta hanyar ƙuri'a aka zaɓo su, to sau 95 cikin 100 sakamakon ba zai kauce wa gaskiya da fiye da maki 3 sama ko ƙasa ba. Wannan shi ne giɓin kuskure da akan ambata a ƙasan rahotanni.

Saboda haka idan aka ce ɗan takara na da kashi 51, abokin hamayyarsa kuma 49, binciken bai nuna wanda ke kan gaba ba.

Domin a rage giɓin da rabi, sai an ninka samfur sau huɗu, wato mutum 4,000. Yawan jama'ar ƙasar kuwa kusan ba ya sauya lissafin.

Sai dai wannan giɓi bai ƙunshi kuskuren da ke tasowa daga karkataccen samfur ko gurguwar tambaya ba.

A Najeriya, binciken lafiya da yanayin jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna yadda ake yin aikin a aikace. An zaɓi ƙananan yankuna 1,400 a faɗin ƙasar, aka jera gidajen da ke cikin kowane, sannan aka zaɓi 30 daga ciki. Jimilla gidaje 42,000 ke nan.

An samo jerin yankunan ne daga taswirar ƙidayar jama'a ta 2006. Wannan na nuna dalilin da ya sa jinkirin ƙidaya ke damun masu bincike: idan taswira ta tsufa, sabbin unguwanni da waɗanda rikici ya raba da gidajensu na iya sulluɓewa.

Yadda aka yi tambaya

Kalmomin da aka zaɓa na iya juya amsa. Idan aka ce wa mutum, ko ka yarda gwamnati ta ƙara haraji domin gina asibitoci, amsar da zai bayar za ta iya bambanta da wadda zai bayar idan ƙarin harajin kaɗai aka ambata.

Haka nan mutane kan faɗi abin da suke ganin zai daɗaɗa wa mai tambaya. Wanda ya zaci tallafi ake rabawa na iya rage yawan dabbobinsa, wanda ya zaci haraji za a ɗora masa ma haka.

Wanda ya yi tambayar da kuma waɗanda ke wurin su ma suna da tasiri. Shi ya sa a binciken da ya shafi haihuwa da lafiyar mata, mata ne ake turawa su yi hira da 'yan'uwansu a keɓe.

A ƙasashe masu harsuna da yawa akwai kuma batun fassara. Abin da aka saba yi shi ne wani ya fassara tambayoyin, misali daga Ingilishi zuwa Hausa, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar da su Ingilishi, sannan a kwatanta. Bayan haka sai a gwada su a kan mutane ƙalilan kafin a fita aikin gadan-gadan.

Haɗuwa ba ta tabbatar da dalili

Ganin abubuwa biyu na tafiya tare bai isa a ce ɗaya ne ya haddasa ɗayan ba.

Idan aka ga manoman da suka sa takin zamani sun fi samun amfani, mai yiwuwa takin ne. Mai yiwuwa kuma masu iya sayen taki su ne masu gonaki mafi kyau da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago a kan kari.

Maganin wannan ruɗani shi ne gwaji mai rukunin kwatanci.

A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ɗauki matuƙan jirgi 12 masu fama da ciwon da ke sa dasashi zubar da jini, ya raba su biyu-biyu. Wasu ya ba su ruwan tsami, wasu ruwan teku, wasu kuma lemo. Masu shan lemon ne suka fi saurin farfaɗowa. Sai a 1795 rundunar ta wajabta raba ruwan lemon tsami ga mayaƙanta.

Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ne ya kafa ƙa'idar cewa ƙuri'a ce ya kamata ta yanke wace kunya za a sa wa taki, wacce za a bari. Ta haka duk wasu bambance-bambance, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba, za su rarrabu tsakanin rukunonin biyu.

A 1948 aka wallafa sakamakon gwajin maganin streptomycin a kan masu tarin fuka a Birtaniya, wanda aka tsara bisa wannan ƙa'ida. Cikin watanni shida, mutum 4 daga cikin 55 da aka ba maganin ne suka rasu, yayin da 14 suka rasu daga cikin 52 da aka bari kan hutun gado kawai.

Daga bisani masana tattalin arziki sun ari dabarar. A yammacin Kenya an gano cewa raba littattafan karatu bai ɗaga sakamakon akasarin ɗalibai ba, sai na waɗanda da ma suke kan gaba. Raba maganin tsutsar ciki a makarantu 75 kuma ya rage fashin makaranta da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake masana sun yi ta muhawara kan girman tasirin.

A 2019 aka bai wa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda irin wannan aiki.

Idan gwaji ba zai yiwu ba

Akwai tambayoyin da ba ya halatta a amsa su da gwaji. Ba wanda zai umarci mutane su sha taba domin a ga ko za su kamu da cuta.

A irin wannan hali akan bi mutane na tsawon lokaci ana lura da su. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000, bayan sun tambaye su yadda suke shan taba.

An ci gaba da aikin har shekaru 50. Rahoton ƙarshe na 2004 ya nuna cewa masu shan sigari kan mutu kimanin shekaru 10 kafin takwarorinsu da ba sa sha.

Abin da ya ƙarfafa hujjar shi ne haɗarin na ƙaruwa gwargwadon yawan sigarin da mutum ke sha, yana kuma raguwa ga wanda ya daina.

Binciken kasuwa

Kamfanoni na amfani da dabarun nan domin sanin abin da masu saye ke so, kuma su ma sukan yi tuntuɓe.

A watan Afrilun 1985 kamfanin Coca-Cola ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan shekaru 99. Kafin nan ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 ba tare da sun san wanne suke sha ba, kuma akasarinsu sun zaɓi sabon.

Jama'a sun yi ca a kan kamfanin, har ya dawo da tsohon lemon bayan kwanaki 79.

Samfurin na da girma, lissafin ma daidai ne. Amma gwajin ya auna abin da harshe ya fi so ne a kurɓi ɗaya, bai auna yadda mutane za su ji idan aka janye abin da suka saba da shi baki ɗaya ba. Makarantun koyon kasuwanci na kawo wannan labari domin nuna cewa sai an tabbatar abin da aka auna shi ne abin da ake son sani.

A yau kamfanonin intanet kan nuna wa rabin masu ziyara wani fasali na shafinsu, sauran rabin kuma wani daban, su ga wanda ya fi jawo ciniki. Ƙa'idar Mista Fisher ce dai aka ɗauko daga gona.

Sake bin sawu

Kafin mujallar ilimi ta wallafa bincike, takan aika wa wasu masana su tantance shi. Wannan tankaɗe na rage tsakuwa, amma ba ya kawar da ita duka.

A 2010 wasu masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka ce tattalin arzikin ƙasa kan ja da baya idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihu.

A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya nemi alƙalumansu, ya tarar an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa lissafi. Da shi da malamansa suka gyara wannan da wasu abubuwan, sai suka samu bunƙasar kashi 2.2 cikin 100 a madadin koma-bayan kashi 0.1.

Masanan biyu sun amsa kuskuren lissafin, amma sun tsaya a kan cewa yawan bashi na tafiya tare da raguwar bunƙasa.

A 2015 kuma wani gungun masana ya maimaita bincike 100 na fannin nazarin halayyar ɗan Adam. Kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Saboda haka mujallu da dama sun fara neman masu bincike su bayyana alƙalumansu, su kuma yi rajistar hasashensu tun kafin su fara aiki.

Haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu

Bayan shari'ar likitocin Nazi, an fitar da ƙa'idojin Nuremberg a 1947, waɗanda suka wajabta samun yardar mutum bisa sani kafin a yi gwaji a kansa. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta faɗaɗa su a sanarwar Helsinki ta 1964.

Duk da haka, daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta yi ta lura da baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere a Tuskegee ba tare da yi musu magani ba, ko bayan samuwar maganin penicillin.

A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, biyar daga cikin waɗanda aka ba Trovan, shida daga waɗanda aka ba ɗayan maganin.

Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ake yi ba. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa ya samu amincewarsu, kuma cutar ce ta yi sanadin mutuwar yaran.

A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Masu sharhi da dama na ganin lamarin na cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin jinin allurar rigakafin shan inna a 2003.

A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, wanda ya tanadi cewa sai wani kwamiti ya amince kafin a fara bincike a kan mutane.

Abin da mai karatu zai duba

Wanda ya ci karo da sakamakon bincike na iya auna shi da 'yan tambayoyi.

Wa ya gudanar da shi, wa kuma ya biya kuɗin? Mutum nawa aka tambaya, ta yaya aka zaɓo su, nawa ne kuma suka ƙi amsawa?

Da wane harshe aka yi tambayar, kuma da waɗanne kalmomi? Akwai rukunin kwatanci? Shin wasu masana sun maimaita aikin sun samu abu ɗaya?

Ƙuri'ar da aka kaɗa a shafin sada zumunta, ko ta hanyar buga waya zuwa gidan rediyo, tana nuna ra'ayin waɗanda suka ga damar amsawa ne kawai, ko da sun kai miliyan.

Binciken da aka yi da gaskiya yakan bayyana hanyar da aka bi da iyakar abin da ya iya tabbatarwa. Idan aka ɓoye waɗannan, to akwai dalilin yin taka-tsantsan da sakamakon.